Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa na'urar auna gudun harsashi da waya da kuma sabunta manhajarta

Na'urar auna gudun harsashi, wadda ake kira kuronogiraf, ta sauya kama sosai a filayen harbi na Amurka da Turai cikin 'yan shekarun nan. Tsohuwar irin, mai idanu biyu na haske da ake harbi ta samansu, tana nan ba ta ɓace ba, amma masu aiki da rada, wato siginar rediyo da ke bin harsashi, kamar LabRadar da Garmin Xero C1 Pro, wadda ta shiga kasuwa a ƙarshen 2023, sun karɓe wuri mai yawa, kuma akasarinsu suna aika sakamakon kowane harbi zuwa waya ta Bluetooth. Wannan sauƙi ya zo da nasa ciwon kan, domin sau da yawa ƙorafin masu harbi ba a kan daidaiton awo yake ba, a kan waya ne da ta ƙi ganin na'ura, ko haɗi da ke yankewa ana tsakar aiki, ko sabuntawa da ta tsaya a rabi.

Kuskuren da ya haifi sauran shi ne ɗaukar abubuwa uku a matsayin abu guda. Akwai awon kansa, wanda na'urar ke yi da rada ko haske ko maganaɗisu. Akwai hanyar Bluetooth da ke ɗauko sakamakon. Akwai kuma manhajar da ke kan waya. Kafin a taɓa kowane saiti, ya kamata a dubi fuskar na'urar bayan harbi. Idan lambar gudu ta fito a can amma ba ta iso waya ba, awo lafiya yake, matsalar tana tsakanin haɗi da manhaja. Idan kuwa lambar ba ta fito a fuskar na'urar ba ma, to duk wani kashe Bluetooth da kunnawa ɓata lokaci ne. Yana da kyau a tuna cewa Xero da LabRadar duk suna auna gudu kuma suna adana sakamako ko babu waya a kusa, saboda haka wanda haɗi ya ƙi masa a fili zai iya ci gaba da harbinsa, ya kwashe bayanan idan ya koma gida.

A ɓangaren haɗi, abin da ya fi kama sababbin shiga shi ne haɗa na'urar daga saitunan waya, kamar yadda aka saba yi da lasifika ko abin sauraro na kunne. Galibin waɗannan na'urori suna amfani da nau'in Bluetooth mai ƙarancin cin batir, kuma an tsara su ne yadda manhajar kamfanin, misali ShotView ta Garmin, za ta nemo na'urar da kanta ta ƙulla haɗin. Idan mutum ya riga manhajar, ya shiga saituna ya danna sunan na'urar, wayar za ta iya nuna cewa an haɗa, alhali manhajar tana ta jujjuya alamar nema ba ta ga komai ba. Gyaran yana buƙatar tsari: a shiga saitunan Bluetooth a sa waya ta manta da na'urar, a cire wayar daga jerin na'urar idan tana da irin wannan zaɓi, a rufe manhajar gaba ɗaya ba wai a ture ta baya ba, a kashe na'urar a sake kunnawa, sannan a fara haɗin daga cikin manhajar. Dalilin sharewa daga ɓangarorin biyu shi ne, a na'urorin da ke ƙulla haɗi mai tsaro, waya da na'ura kowanne yana ajiye mabuɗin sirri na wancan haɗi, kuma idan ɗaya ya share nasa ɗayan ya riƙe tsoho, ba za su sake jituwa ba komai yawan gwaji.

Sai maganar izini, wadda ta fi rikitar da mutane saboda ba ta fito da saƙon kuskure a fili. Daga Android 6 har zuwa Android 11, manhaja ba ta iya neman na'urorin Bluetooth na wannan nau'i sai an ba ta izinin sanin wurin da waya take, kuma a wayoyi da yawa sai an kunna makunnin wurin shi kansa. Mutane da dama suna hana wannan izini bisa tunanin cewa na'urar auna gudu ba ta da hurumin sanin inda suke, tunanin da yake da hujja, sai dai dokar ta Google ce ba ta kamfanin na'urar ba, an kuma kafa ta ne saboda ana iya gano inda mutum yake ta hanyar siginonin Bluetooth da ke kewaye da shi. Daga Android 12, wanda ya fito a 2021, an ware wani izini na daban na na'urorin da ke kusa, shi ne wanda za a duba a sababbin wayoyi. A iPhone kuwa, tun daga iOS 13 a 2019 kowace manhaja sai ta nemi izinin Bluetooth, kuma wanda ya danna "a'a" cikin gaggawa ranar farko ba za a sake tambayarsa ba, sai ya shiga saituna ya buɗe da hannunsa.

Akwai wata matsala da ba a cika zarginta ba. A ɗauka mai harbi ya taɓa haɗa na'urar da kwamfutar hannu a gida, sannan ya zo fili da ita a cikin jakar kaya, a kunne, manhajar kuma a buɗe a baya. Da zarar ya kunna na'urar a kan tebur, kwamfutar da ke cikin jaka za ta cafke haɗin kafin ya ciro waya daga aljihu. Alamar Bluetooth a fuskar na'urar za ta nuna an haɗa, wayar da ke hannunsa kuma ba ta ganin komai, domin yawancin irin waɗannan na'urori waya ɗaya suke karɓa a lokaci guda, kuma suna daina sanar da kansu da zarar sun samu abokin haɗi. Haka abin yake idan aka ari na'urar aboki alhali wayarsa tana tsaye a gefe. Magani shi ne kashe Bluetooth a kwamfutar ko wayar da ta cafke haɗin, ba wani abu ba.

Yankewar haɗi ana cikin harbi tana da sanadai da suka fi sauƙin ganewa. Wayoyin Android da yawa suna rufe manhajojin da ke aiki a baya idan fuska ta mutu, don tanadin batir, saboda haka a cire manhajar daga wannan takunkumi, a kuma tsawaita lokacin mutuwar fuska yayin aiki. Siginar tana tafiya ne a zangon gigahaz 2.4, wanda Wi-Fi ma ke amfani da shi, kuma jikin mutum da ƙarfe suna rage mata ƙarfi, don haka wayar da ke aljihun baya ko cikin akwatin harsasai na ƙarfe ba ta cikin wurin da ya dace. Raunin batir ma yana jawo hakan. Tsohuwar LabRadar, wadda ta riga samfurin LX fitowa, tana amfani da batura shida ƙirar AA kuma tana shan su da sauri, abin da ya sa masu ita da yawa suka koma ba ta wuta daga fawa banki ta USB. Sai dai wasu fawa bankin suna kashe kansu idan abin da aka jona bai ja wuta sosai ba, sai na'urar ta mutu ba zato, a ɗora laifin a kan Bluetooth.

Wasu matsalolin kuma rigar haɗi kawai suka sa. Idan harbi ya ɓace daga jerin da ke waya, sau da yawa na'urar ce ba ta kama shi ba tun farko, ko dai saboda an zaɓi zangon gudu da bai dace da harsashin ba, ko ba a saita ta daidai da abin bara ba, ko an ajiye ta nesa da bakin bindiga fiye da yadda littafinta ya ce. Tsohuwar LabRadar tana dogara da ƙarar harbi don ta fara awo, shi ya sa bindigar iska ko mai abin rage ƙara kan buƙaci ƙarin makirfo ko sauya hanyar farawa, kuma idan makwabci a fili yana da irinta, sai ɗayansu ya sauya tashar rada a saituna don kada su shiga wa juna. Lambar da ta zo ƙasa ƙwarai kan zama batun ma'auni ne kawai, domin ƙafa 2,800 a daƙiƙa daidai yake da kusan mita 853, kuma yana yiwuwa na'ura tana kan wannan ma'auni manhaja tana kan wancan. Masu na'urorin da ke haɗuwa ta ramin abin sauraro, kamar wani samfurin Caldwell, suna da tasu damuwar tun da wayoyi suka fara zuwa babu wannan rami, kamar yadda iPhone 7 ta yi a 2016: dole mahaɗin da za a saya ya kasance mai wuce siginar makirfo, a kuma ba manhajar izinin makirfo.

Yanzu ga manhajar ciki, wato wadda ke tafiyar da na'urar kanta, inda kuskure ya fi tsada. A ganina babban abin da ake yi ba daidai ba shi ne mayar da sabuntawa matakin farko na gyara. Mutum yana fili, haɗi ya ƙi, batir ya yi rabi, intanet na waya yana zuwa yana ɗaukewa, sai ya danna sabuntawa da fatan ta warware komai. Wannan shi ne mafi munin lokaci, haka ma daren jajibirin gasa. Sabuntawa aikin gida ne, a kan tebur, da cikakken caji, bayan an karanta bayanin da kamfanin ya fitar game da abin da sabon zubin ya gyara. Idan matsalar da ke damun mutum tana cikin jerin, ko kuma sabuwar manhajar waya ta ce ba za ta yi aiki da tsohon zubi ba, to akwai dalilin yi. Kafin a fara, a kwashe duk bayanan harbi zuwa wani wuri, domin mai cika harsashi da hannunsa, wanda ya shafe watanni yana gwada awon albarushi daban-daban, asarar waɗannan lambobi ta fi masa zafi fiye da lalacewar haɗi. Wannan gargaɗi ya shafi goge manhajar waya don sake saukewa, da mayar da na'ura saitin masana'anta, domin duk biyun suna iya tafiya da bayanai.

Hanyar sabuntawa ta bambanta. Xero tana karɓa ta ShotView ko ta Garmin Express a kwamfuta, kuma a hanya ta biyu abin da ya fi kayar da mutane shi ne kebul: akwai kebul na USB masu caji kawai, waɗanda babu zaren ɗaukar bayanai a cikinsu, sai na'ura ta nuna tana caji amma kwamfuta ba ta san an jona komai ba. A sauya kebul kafin a zargi wani abu. Idan ta Bluetooth ake yi, a bar waya kusa da na'urar, fuska a kunne, kada a fita daga manhajar.

Tsohuwar LabRadar kuwa ta katin SD ake sabunta ta, kuma a nan ƙananan abubuwa ne ke hana ruwa gudu. Idan fayil ɗin ya sauko a dunƙule cikin zif, sai an warware shi an ciro ainihin fayil ɗin. A ajiye shi a farfajiyar katin, ba cikin wata folda ba. Kada a sauya masa suna, a kuma lura da lambar da kwamfuta ke liƙa wa suna idan an sauke fayil sau biyu, domin na'ura tana iya ƙin gane shi saboda ita. Katin da ya wuce gigabait 32 yakan zo daga masana'anta da tsarin adana fayil na exFAT, alhali na'urori da yawa irin wannan FAT32 suke karantawa, don haka ƙaramin kati na kamfani sananne ya fi babba aminci a wannan aiki. A duba ɗan makullin da ke gefen katin, wanda idan ya zame ƙasa ba a iya rubuta komai a kai. A kuma tabbata fayil ɗin na samfurin da ke hannu ne, domin tsohuwar LabRadar da sabuwar LX na'urori ne daban, kuma daga shafin kamfanin kawai ya kamata a sauke shi, ba daga hannun wani da ya turo ba.

Da zarar aikin ya fara, kada a cire kati, kada a zare kebul, kada a danna makunni ko da fuska ta yi kamar ta daskare na ɗan lokaci, domin yanke wuta a daidai lokacin da ake rubuta manhajar ciki shi ne abin da kan bar na'ura ta ƙi tashi. Idan hakan ta riga ta faru, a cika caji a sake bin matakan kamfanin daga farko da wani kati ko kebul, idan ta ƙi a tuntuɓi kamfanin, a guji buɗe jikinta, wanda ke iya soke garanti.

Bayan an gama, a shiga shafin bayanin na'ura a ga lambar zubin ta sauya da gaske, a sabunta manhajar waya ita ma, a sake duba ma'auni da zangon gudu da nauyin harsashi ko sun koma yadda suka zo, kuma idan haɗi ya ƙi a share shi daga ɓangarorin biyu a ƙulla sabo. A fili, a gwada da harsashin da aka riga aka san gudunsa, daga kwali ɗaya, harbi goma ko fiye, tare da tuna cewa zafi da sanyi suna sauya ƙonewar albarushi, saboda haka ɗan bambanci tsakanin awon hunturu da na bazara ba shaida ba ce cewa sabuntawa ta ɓata awo. Idan har aka kai ga rubuta wa kamfani, a haɗa da sunan samfurin, da lambar zubin manhajar ciki, da na manhajar waya, da ƙirar wayar da tsarin da take kai, a kuma faɗa musu ko lambar gudu tana fitowa a fuskar na'urar ko ba ta fitowa.