Babi na Biyar: Ajiye Wake Ba Tare da Magani Ba

Darasi na 1: Karanta jikin buhu

Iyayena da yayyena, sannunku da ƙoƙari. Kafin mu fara kowa ya ɗauko buhunsa ya shimfiɗa a gabansa, wanda bai da shi ya matsa kusa da mai shi, don wannan darasin da hannu ake yinsa ba da kunne ba. A karanta a hankali. Wanda layi ya ɓace masa ya sa yatsa a ƙarƙashin kalmar, babu kunya a ciki.

Ku duba jikin buhun, akwai manyan haruffa guda huɗu: P I C S. Daga hagu ake farawa a tafi dama, ba yadda muka saba a allo ba. Harafin farko P ne, tumbinsa ɗaya ne a sama. In kun ga tumbi biyu toh B ne, ba shi muke nema ba. Sai lamba, in kun ga 100 kg, wato ɗaya da sifili biyu, kilo ɗari kenan, waɗancan ƙananan haruffan k da g kilo suke nufi. In 50 kg aka rubuta kilo hamsin ne. A sake dubawa, a nuna wa na kusa.

Yanzu ku buɗe shi. Abu uku ne a ciki ba ɗaya ba: buhun saƙa na waje irin wanda kuka sani, da leda mai kauri guda biyu. Ku ƙirga da babbar murya, ɗaya, biyu, uku. In ɗan kasuwa ya ba ku buhu da leda ɗaya tak ku mayar masa.

Buhun nan ba daga sama ya faɗo ba. Masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka ne suka zauna da takwarorinsu a Marwa, arewacin Kamaru, tun wajen 1987, suna gwada dabarun da manoma suka riga suka sani, irin su cuɗa wake da toka da shanya shi a rana, har suka kai ga ledar nan da ake ruɓanyawa. A 2007 Gidauniyar Gates ta ba da kuɗi aka yaɗa shi a ƙasashe 10 na yammaci da tsakiyar Afirka, ma'aikatan INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, a Maraɗi da na IITA, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, a Kano suka shiga ƙauyuka suna cika buhu a gaban jama'a, a ɗaure a ajiye, bayan watanni a dawo a kwance a gaban kowa. Dalili kuwa a fili yake, Najeriya ce ta ɗaya a noman wake a duniya Nijar na biye da ita, kuma ƙwaro ne ke tilasta wa manomi ya sayar da kaka lokacin da wake ba shi da daraja.

Darasi na 2: Me ke kashe ƙwaron

Ƙwaron wake tun daga gona yake biyo ku, ba a ɗaki kaɗai yake samun waken ba. Uwar tana liƙa ƙwai a jikin ƙwayar, ɗan farin ɗigon nan da kuke gani, tsutsa ta fito ta huda ta shige ciki tana ci, wajen wata ɗaya ta fito da fiffike ta bar rami, ita ma ta yi nata ƙwan. Shi ya sa waken da kuka zuba fes sai ku buɗe bayan wata uku ku tarar da gari da huji.

Toh ƙwaro ma numfashi yake yi. In aka rufe shi a inda iska ba ta shiga, shi da kansa zai shanye 'yar iskar da ta rage, ya daina ci, ya daina haihuwa, ya bushe ya mutu. Shikenan maganin. Babu hoda babu ƙwaya babu fiya-fiya. Kuma don Allah a bar zuba fiya-fiya a abinci, irin wannan gubar ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015, su sun ƙi ci mu kuma muna dafa wa yaranmu alala da shi.

Ku riƙe wannan: iska ce abincin ƙwaro na farko. Duk abin da za mu yi daga nan, hana iska shiga ne.

Darasi na 3: Cikawa da ɗauri

Wake sai ya bushe ƙayau. A sheƙe shi a tsince tsakuwa da kara da ɓawo, don tsinke ɗaya ya isa ya huda leda. In kuna shakkar bushewar ku ciza ƙwaya ɗaya, in ta fashe ƙas ta bushe, in haƙori ya nutse a mayar rana. Ko a samo kwalba busasshiya a zuba waken da busasshen gishiri a girgiza a bar shi ɗan lokaci, in gishirin ya manne a jikin kwalbar da sauran laima. Wanda aka kwaso daga rana da zafinsa a bar shi ya huce a inuwa tukuna.

Sai duba leda. A buɗe bakinta a kaɗa ta ta cika da iska, a damƙe bakin da hannu, a danna cikinta a hankali a kasa kunne. In ta tsaya a kumbure lafiyarta ƙalau. In tana sacewa akwai huji, a ajiye ta gefe. Leda biyun duka za a duba, ba ɗaya ba.

A zuba wake kamar kwano ɗaya a leda ta farko don gindinta ya zauna, a saka ta cikin ta biyu, a saka su biyun cikin buhun saƙa, a naɗe bakunan waje. Mutum ɗaya ya riƙe ɗaya ya zuba. Ana zubawa ana jijjiga buhun don waken ya zauna sosai, kuma a kula kar ƙwaya ta faɗa tsakanin leda da leda. Kar a cika har baki, a bar wuya kamar taƙi ɗaya ko fiye don a samu abin ɗaurewa.

Yanzu mun zo wajen da nake so kowa ya ajiye hira.

Ɗauri uku ne. Kowanne da igiyarsa.

A kama leda ta ciki ita kaɗai. Ita kaɗai, a bar sauran biyun a naɗe. A danna saman waken da tafin hannu iskar ta fita, a tattara wuyan ledar a murɗa shi sosai kamar yadda Inna take matse zani in ta gama wanki, sai a lanƙwasa murɗaɗɗen wuyan ya koma ƙasa ya zama ninki biyu, sannan a ɗaure da igiya ko robar tif. Ɗauri na ɗaya kenan. A tura shi ciki.

Sai a ɗago leda ta biyu ta rufe ta farkon. A fitar da iska, a murɗa, a lanƙwasa, a ɗaure da wata igiyar daban. Ɗauri na biyu.

Sai buhun saƙa, shi ma a ɗaure da tasa igiyar. Ɗauri na uku.

Na san abin da hannu yake so ya yi, so yake ya tattaro bakin ukun gaba ɗaya ya ɗaure sau ɗaya a wuce wajen, don haka muka saba da buhun masara tun muna yara, kuma ba laifinku ba ne, hannu ne ya saba. Amma in aka haɗa su aka ɗaure, buhun saƙa yana da kauri da gwaɗo-gwaɗo, igiya ba za ta matse ledar ciki ba, sai a bar 'yar hanya da ido ba ya gani, ƙwaro kuwa wannan 'yar hanyar ta ishe shi. Don haka a sake. A kwance duka a sake daga farko, ba komai, yau ranar koyo ce.

Mu faɗa tare: fitar da iska, murɗa, lanƙwasa, ɗaure. Kuma. Fitar da iska, murɗa, lanƙwasa, ɗaure. Sau nawa? Sau uku. Igiya nawa? Uku. Madalla, Baba na can baya ya samu, kun ga ba wuya.

Lanƙwasawar nan ita ake yawan tsallakewa. Mutum ya murɗa da kyau sai ya ɗaure a miƙe, wuyan na tsaye, da an ɗaga buhun murɗin ya warware. A lanƙwasa tukuna. In kun duba hoton da ke jikin buhu za ku ga zanen hannu da kibiya, kibiyar tana nuna inda hannu zai bi ne, ba ado ba ce, kuma hotunan ma daga hagu ake binsu, mai lamba 1 sannan mai lamba 2. Kar a ɗaure da waya, tana yanka leda. Kar a ɗinke bakin da basilla, haba jama'a, mun ce huji ne abokin gaba sannan a kawo basilla?

Wallahi abin da ke ɓata min rai kenan. A aji kowa ya yi daidai, a tafa masa, ya koma gida ya miƙa wa yara buhun ya tafi majalisa, yara su haɗa baki uku su ɗaure da tsumma, bayan wata huɗu a zo ana cewa Malam buhunku ƙarya ne. Wani dattijo har da kawo min waken a hula yana nuna min huji, da aka je aka duba igiya ɗaya ce a wuyan buhun, leda ta biyu kuwa an cire an rufe tulin taki da ita. Ku manya ne, kun aurar da 'ya'ya, ba sai na bi ku gida ba. In za ku kashe kuɗi ku sayi buhu ku tsaya a kansa har a gama ɗauri na uku.

A yi haƙuri. Mu sake sau ɗaya: ta ciki ita kaɗai, ta biyu ita kaɗai, na waje shi kaɗai.

Aikin rubutu: kowa ya samu 'yar takarda ya rubuta ranar da ya ɗaure buhunsa. Rana ake fara rubutawa, sai wata, sai shekara. In ranar 5 ga Nuwamba ce a rubuta 5 sannan 11, don Nuwamba wata na 11 ne. A rubuta sunan mai wake a ƙasa. Takardar a igiyar waje za a rataye ta, ba wai a kwance buhu a saka ta ciki ba.

Darasi na 4: Wajen ajiya

A ɗora buhun a kan katako, kar ya taɓa ƙasa ko bango, a share kewayensa saboda ɓera. Kar a bar shi a rana. Kuma kar a dinga buɗewa ana leƙawa wai a ga ko yana aiki, duk buɗewa sabuwar iska ce. Na cin gida a ware shi tun farko a wani mazubin. In dole ta sa aka buɗe, a ɗiba da sauri a mayar da ɗaurin, kuma kun san ɗauri nawa ne. Irin shuka ma yana zama a ciki ya tsiro lafiya in an busar da shi da kyau. Baɗi kafin a sake amfani da buhun a sake gwajin iskar nan a leda biyun.

Darasi na 5: Gyaɗa da masara

Buhun yana yi wa masara ma, amma jiƙaƙƙiyar masara in an rufe ta ruɓewa take. Gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna kar a ci kar a ba kaji, akwai guba a ciki mai suna afalatoksin da ke lalata hanta, a Kenya a 2004 ta kashe mutum 125 ta hanyar masara. A daina shanya a ƙasa tsirara, a shimfiɗa tamfol. IITA ta fitar da Aflasafe don rage wannan gubar, ƙwayoyin dawa ne masu launin shuɗi da ake watsawa a gona sati biyu zuwa uku kafin fure. A tambayi malamin gona.

Darasi na 6: Awon dantsen yaro

Na iyaye mata ne, amma maza ma su saurara. A Mirya ta jihar Damagaram an koya wa iyaye mata awon nan aka ga suna gane tamowa kamar yadda ma'aikatan lafiya ke ganewa. Yaro daga wata 6 zuwa shekara 5, a zagaya tef ɗin awo mai launin kore da rawaya da ja a tsakiyar dantse tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, kar a matse kar a sake. Kore lafiya. Rawaya a kai asibiti a duba. Ja, wato ƙasa da santimita 11.5, a tafi ranar.

Darasi na 7: Dankali mai jan ciki

Yana da bitamin A, yana taimakawa wajen kare yara daga dundumi. A dafa a ba su. A kwafi wannan layin a littafi sau biyar, kuma mako mai zuwa kowa ya zo da igiya uku.