Yadda Ake Nazarin Misalan Mulkin Sama a Matiyu Sura 13

Na daɗe ina jagorantar nazarin Littafi Mai Tsarki na matasa ran Laraba da yamma, kuma wuri guda nake ganin sababbi suna tuntuɓe, wato misalan Yesu. Ka fara da Matiyu sura 13, domin nan suke a jere: mai shuka, ciyawa cikin alkama, ƙwayar mastad, yisti, dukiyar da aka ɓoye a gona, lu'ulu'u, da taru.

Karanta surar duka a zama guda, da murya. Ayoyi 58 ne kacal. Littafin takarda ya fi, ka ja layi, ka yi rubutu a gefe. In aljihu bai kai ba, manhajar YouVersion kyauta ce kuma akwai Hausa a ciki, amma ka sauke fassarar ka kashe data, don saƙo guda na WhatsApp ya isa ya ɗauke maka hankali.

Sai ka gyara fahimtarka kan kalmar kanta. Da yawa in sun ji Mulkin Sama, tunaninsu ya tafi inda za a je bayan mutuwa. Matiyu ne kaɗai yake faɗinsa haka, sama da sau 30. Buɗe Markus 4:30, ƙwayar mastad ɗin ce dai, amma can Mulkin Allah aka ce. Maganar sarautar Allah ake yi, wadda ta riga ta soma aiki tsakanin mutane, cikarta kuma tana tafe.

Ga inda na sha ƙasa. Kada ka ɗora wa kowane abu a cikin misali ma'ana. Wata Laraba na kwashe kusan awa guda kan aya 33, misalin yistin da wata mata ta kwaɓa cikin mudu uku na gari: na ce matar ikilisiya ce, mudu ukun garin kuma Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki ne. Matasa suna ta rubutawa. Wata dattijuwa 'yar Zumuntar Mata da ke zaune a baya tana jiran jikarta ta ce, "Ɗana, ka taɓa kwaɓa ƙullun waina?" Na ce, "A'a, Mama." Ta ce yistin da take sawa da dare bai cika cokali ba, ba ta sake ganinsa, amma da asuba ƙullun ya taso har yana ɗaga murfin roba. Na rufe takarduna. Ita ta ba mu fassarar a numfashi guda.

Don haka ka'idata ita ce: inda Yesu ya fassara da bakinsa, kamar mai shuka (aya 18 zuwa 23) da ciyawa (aya 36 zuwa 43), bi shi dalla-dalla. Inda bai fassara ba, nemi magana guda, ka rubuta ta a layi ɗaya. In ta kai layi uku, ka fara ƙari. Kuma ka tuna manomin Galili yafa iri yake yi, kamar mai yafa acca, ba irin shukar geronmu ta rami da sungumi ba. Shi ya sa a misalin mai shuka wani iri ya faɗi a bakin hanya.

Bayan nan, yi bimbini a kan layin nan naka kwana bakwai, ka mai da shi addu'a, ka nuna wa wani babba a coci. Mako mai zuwa ka wuce zuwa sura 20, ma'aikatan gonar inabi, sannan sura 25.