Kai ƙaramin yaro ganin dangi a hutun hunturu

Hutun ƙarshen shekara a Kamaru bai wuce mako biyu ba, kuma yana faɗowa daidai lokacin da hunturu ya kankama. Mazauna Yawunde da Duwala su ɗauro kaya su nufo Arewa, na Garwa su yi Gidar ko Marwa, na Kuseri su ƙetare gadar Ngeli su shiga Njamena. In akwai ɗan ƙasa da shekara biyar a tafiyar, hankalin iyaye yakan tafi kacokan kan tikiti da guzuri. Amma hanya kwana ɗaya ce ko biyu. Yawancin abin da ke ɓata ziyara yana can yana jira a gidan da za a sauka, inda hannuwa suka yi yawa kowa yana zaton wani ne ke kallon yaron.

Ku fara da duba karnen allurarsa, wato katin rigakafi, mako uku kafin tafiya. Rani shi ne lokacin baƙon dauro da sanƙarau a yankinmu, gidan hutu kuwa gidan cunkoso ne, yara daga gari uku ko huɗu a kan tabarma ɗaya. Allurar baƙon dauro da ta shawara a wata 9 ake yin su, ta biyu ta baƙon dauro a wata 15. Jiki yana buƙatar kamar mako biyu kafin allura ta fara tsare shi, don haka wadda aka yi jajiberin tafiya ba lallai ta tsare shi a wannan ziyarar ba. Jaririn da bai kai wata biyu ba kuwa, in ba dole ba, a ɗage tafiyar, dangi su zo su same shi.

Takardu: katin shaidar iyaye, kwafin takardar haihuwar yaro, da karnen. Akwai shingayen jandarma a hanya, ana iya tambaya. In za a shiga Chadi, ko uwa ce kaɗai ko goggo ke tafiya da shi, a tanadi takardar izinin uba wadda hukuma ta buga wa hatimi. Shaidar allurar shawara sai ta yi kwana 10 kafin a karɓe ta a kan iyaka.

Jaka biyu za ku haɗa. Babbar ta tafi saman mota ko but. Ƙaramar tana kan cinya har a isa, domin da zarar yaran mota sun ɗaure tamfol ba mai kwance shi saboda famfas. A cikinta: famfas ɗaya na kowace awa uku da ƙarin uku, kayan canji biyu na yaro da riga ɗaya ta uwa, ledoji, sabulu, ruwan gora wanda ba a fasa murfinsa ba, kofinsa da cokalinsa, da zanin da ya saba barci da shi. Kada a wanke zanin nan ana gobe tafiya, ƙanshin gida da ke jikinsa shi ne amfaninsa.

Magani kaɗan ya isa, amma a san yadda ake ba da shi. Ku auna nauyin yaro kafin ku tashi, domin farasitamol da nauyi ake bayarwa, miligram 10 zuwa 15 ga kowane kilo, bayan awa shida-shida, kada ya wuce sau huɗu a kwana ɗaya. In ruwan maganin mai miligram 120 a mililita 5 ne, yaro mai kilo 10 zai sha mililita 5. Rubuta adadin a jikin kwalin, ki tafi da sirinjin awo, don cokulan gida ba girmansu ɗaya ba. Sai ma'aunin zafin jiki, ƙunshin ruwan gishiri da sukari guda huɗu (a famasi SRO ake ce masa), ƙwayar zinki, ruwan wanke hanci da ake kira serom fiziyolojik, da man kaɗe. Asfirin ba na yara ba ne. Kada kuma a ba yaro maganin mura mai sa barci wai don ya yi shiru a mota.

Masu tasowa daga Kudu da jirgin ƙasa na dare, daga Yawunde zuwa Ngaundere, su nemi ɗakin kwana da wuri, don a Disamba gurbi ba ya jira. A karɓi gadon ƙasa, yaro ya kwanta ta jikin bango. Hula da safa su kasance kusa, domin Ngaundere tana kan tudu fiye da mita 1000, sanyin asubarta daban ne. Daga nan zuwa Garwa kusan kilomita 280 ne, kuma ba a jima da fita gari ba za a fara gangara dutsen nan mai kwana-kwana kafin Mbe. A nan yara ke amai, kunnuwansu su toshe. Kada a cika masa ciki da abu mai maiƙo kafin tashi. In an fara gangara a ba jariri nono, babba a ba shi ruwa yana kurɓa, haɗiya ce ke buɗe kunne. Garwa zuwa Marwa kilomita 200 ne da 'yan kai, Marwa zuwa Kuseri kamar 260. Wannan ta ƙarshen, ta Mora da Waza, da rana ake bin ta, kuma a tambayi direbobi halin da take ciki kafin a sa rana.

Motar farko ta safe ta fi. Wanda ya wuce shekara biyu a saya masa kujerarsa in da hali, awa biyar da yaro a cinya ba wasa ba ne. A sa masa riguna marasa kauri biyu ko uku maimakon babbar rigar sanyi ɗaya: ana fita da asuba ana rawar ɗari, kafin azahar zafi ya haura digiri 30, sai a riƙa cirewa ɗaya bayan ɗaya. Ƙeyarsa za ki taɓa ki san ko ya ji zafi, tafin hannu da ƙafa sau da yawa da sanyi suke. In za ki rufe goyo saboda ƙura, da siririn mayafi, kuma fuska a buɗe. A Garwa da Marwa ba makawa sai an hau babur daga tasha: a goya shi da zani da majanyi, kaya su hau wani babur ɗin, a lura da ƙafarsa wajen salansa lokacin sauka. Kada a ɗora shi kan tanki.

To, an iso. An yi lale marhabin, an shimfiɗa tabarma, kaka ta miƙo hannu tana cewa "Kawo mini mijin nawa in gan shi," shi kuwa ya ƙanƙame uwarsa yana tsala ihu. Ƙiwa ce, daga wajen wata takwas zuwa shekara biyu haka yara suke, ba rashin tarbiyya ba ne. Ki zauna kusa da kakar da shi a cinyarki, ku yi ta gaisawa, ita ta miƙo masa wani abu. In ya ga kin saki jiki, kafin magariba da kansa zai rarrafa wajenta. Fizge shi da ƙarfi ana yawo da shi hannu-hannu shi ke jawo kukan kwana uku.

Kafin a kwance tsaraba, ɗaya daga cikinku ya zaga gidan yana kallon ƙasa, daidai tsayin yaron. Gidan da ya daɗe babu mai rarrafe ya manta da abubuwa da yawa. Rijiya ko tana da murfi. Bokiti da baho masu ruwa, don yaro mai koyon tafiya yana iya faɗawa da ka cikin bokiti ya kasa fitowa, ba kuma za a ji motsinsa ba. Ƙwayoyin hawan jini da na ciwon suga na tsofaffi, waɗanda ake ajiyewa ƙarƙashin matashi ko bakin taga. Maganin ɓera a bayan buhunan dawa. A ƙauyukan auduga, galan ɗin maganin feshi. Sannan kwalaben zuwa-zuwa (fetur ɗin bakin hanya) da kananzir, da ake zubawa a gorar ruwa ko ta lemo, yaro mai ƙishi ba ya bambancewa. In ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara. Amai ne ke kai man cikin huhu. A cire masa rigar da ta jiƙe a nufi asibiti da kwalbar a hannu.

Wuta ita ce babbar maganar hunturu. Safe da dare ana kewaye da kaskon garwashi, ga butar shayi a ƙasa, ga tukunyar ruwan wanka. Wajen haɗa ruwan wanka a fara zuba na sanyi, sannan na zafi, a gwada da gwiwar hannu. Kada a ajiye tafasasshen ruwa a baho a tafi ɗebo na sirki. In ƙuna ta faru, a yi ta kwarara ruwa mai sanyi a wurin har minti 20, a lulluɓe sauran jikin kada sanyi ya kama shi, a rufe da tsabtataccen ƙyalle a tafi asibiti. Ban da man goge baki, ban da ƙwai, ban da toka. Kuma kada a kwana da garwashi a ɗaki a rufe. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mai barci ba ya farkawa ya ji ta, yaro kuma ya fi saurin galabaita. A ɗumama ɗakin, a fitar da kaskon, sannan a rufe ƙofa.

Wanka sau ɗaya da hantsi ko da azahar ya isa, minti biyar, a shafe shi da man kaɗe tun jiki da danshi, musamman kumatu, leɓe da diddige. Hanci in ya bushe ya toshe, ɗigo biyu na ruwan wanke hanci kafin nono da kafin barci. Man zafi mai kafur kada ya shiga hancin yaro, ɗan ƙasa da shekara biyu ma kada a shafa masa. In ya yi haɓo, a sunkuyar da kansa gaba a matse tattausan wurin hancin minti 10; ɗaga kai sama jinin yake turawa maƙogwaro.

Za a ce muku ai sanyi ya kori sauro. Ya ragu dai. A bakin Binuwai, da Lagdo, da gonakin shinkafar Yagwa da Maga, da duk gaɓar Logon, yana nan. Ku zo da gidan sauronku da igiya da ƙusa huɗu, kada ku dogara da na masauki.

Sai maganar ci, wadda ta fi kowacce wuyar faɗa, don duk abin da ake miƙa wa yaron da ƙauna ake miƙa shi. Ɗan ƙasa da wata shida nono kawai, ko ruwa ba ya buƙata, balle jiƙo. Zuma sai ya cika shekara. Gyaɗa, aya, dabino mai ƙwallo da alewa mai tauri suna shaƙe ƙananan yara, 'yan uwansa masu shekara bakwai ko takwas ne kuma suka fi ba shi, don haka su za a fara ja wa kunne. Shayi yana hana shi barci, yana kuma rage abin da jiki ke samu na sinadarin ƙarfe a abinci. Madarar shanu a tafasa. Ruwan shansa a tafasa har ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, a zuba a gorarsa. Tuwon dawa da miyar kuka mai zafi da aka sauke yanzu ya fi masa ɗumamen da ya wuni a buɗe, kifi kuma uwa ta cire ƙaya da hannunta.

Matsalar ita ce matar ɗa ba ta iya kallon uwar mijinta ta ce "kada ki ba shi," balle in ɗan fari ne da ake kawaici a kansa. Saboda haka a raba aikin tun a gida. A gidan su miji, miji ne zai yi magana. A gidan su mata, ita. A yi ta ranar farko, a keɓe, kafin wani abu ya faru, kuma a jingina ta ga asibiti: "Hajiya, likita ya ce kada a ba shi komai sai nono har ya cika wata shida, ki taya mu sa ido a kan yaran nan." Kakar da aka ba amanar tsaro ta fi kowa tsanantawa. In akwai goggo ko inna mai faɗa a ji, a jawo ta. A kan ƙananan abubuwa, kamar wace riga za a sa masa ko sunan tsokanar da aka laƙa masa, a saki. Inda ba a sassauci shi ne in tarin hunturu ya kama shi aka ce a kira wanzami ya cire beli ko ya yi tsaga. Beli ba ya kawo tari, cire shi kuwa yana jawo zubar jini, da ƙin kama nono, da cutar da aska ke ɗauka daga wani. Wannan magana uba ne zai tsaya a kanta.

Ranar taro, suna ko biki ko walima, a ambaci mutum ɗaya da baki: "Ke ce da shi har la'asar." Kada wannan mutum ya zama 'yar shekara tara. Barcin rana kuma a kiyaye masa lokacinsa ko da za a rage gidajen da za a shiga gaisuwa. Gida biyu a wuni sun ishi ƙaramin yaro.

In zawo ya zo, a narkar da ƙunshin SRO ɗaya a lita ɗaya ta tafasasshen ruwan da ya huce. In babu, cokalin shayi shida na sukari a shafe da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya. Ɗan ƙasa da shekara biyu ya sha mililita 50 zuwa 100 bayan kowane zawo, wanda ya fi haka 100 zuwa 200, da cokali, a hankali. In ya yi amai a jira minti 10 a ci gaba. Abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. Zinki miligram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga ɗan ƙasa da wata shida. Nono da abinci ba a dakatar da su.

Tun ranar isowa ku san asibitin da ya fi kusa da mai babur ɗin da za a iya tasa da dare. Ba a jiran safiya in yaro ya kasa sha ko kama nono, ko yana aman duk abin da ya shiga cikinsa, ko ya yi jijjiga, ko ana tashinsa ba ya farkawa sosai, ko wuyansa ya sanƙare, ko maɗigarsa ta kumbura, ko akwai jini a zawonsa. Jaririn da bai kai wata uku ba, zafin digiri 38 kaɗai ya isa a tafi. Mai tari kuma a ɗaga rigarsa yana kwance shiru a ƙirga numfashinsa minti ɗaya cur da agogon waya: 50 ko fiye ga ɗan wata 2 zuwa 11, 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa 5, ko ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa in ya ja iska, alamar ciwon huhu ce.

Ku dawo da saura kwana biyu a koma makaranta da aiki, don barcinsa ya daidaita, motoci ma ba su kai cikar ranar ƙarshe ba. Zazzaɓin cizon sauro yana ɗaukar mako ɗaya ko fiye kafin ya bayyana, baƙon dauro kuma kwana 10 zuwa 14. In jikinsa ya yi zafi bayan an dawo, a yi gwajin jini kafin a ba da maganin zazzaɓi, a kuma gaya wa ma'aikacin lafiya garin da aka je da ranar da aka baro shi.