Kafin ku sayi katin grafik a zafin Maradin nan

Salam ƴan uwa. Ƙanena ya tambaye ni wane katin grafik (katin da ke sarrafa hoton da ke fitowa a allo) zai sa ma kwamfutarsa ta gem, na ce bari in rubuta nan kowa ya amfana.

Maganar memorin kati dai, in allonka 1080p ne (ma'aunin kaifin hoton allo) 8GB za ta riƙe ka, amma in kana da halin ƙarin ƴan jikkuna ka ɗauki mai 12GB kamar RTX 3060 ko RX 6700 XT, don sabbin gem suna cin memori sosai. A kula, RTX 3060 iri biyu ce, akwai mai 12GB akwai mai 8GB, ka karanta kwalin da kyau.

Abin da ya fi damuna shi ne zafi. Watan Afrilu ɗaki ya wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu da ta riga ta cika akwatin, wallahi ranar da na buɗe tawa sai na tarar ƙura ta daskare bayan fanka kamar auduga, zafin kati na kai digiri 86 gem na ta tsinkewa. Na hure ta, na canza man nan da ake shafa ma cip, ta sauko 72.

Don haka ku nemi kati mai fanka biyu ko uku, akwati mai shan iska ta gaba, kuma a ɗaga shi daga ƙasa. Ku sa manhajar MSI Afterburner ku riƙa duba zafin katin. In katin na hannu ne, a kunna gem gabanka minti 20 kafin ka biya.