Gyaran GRUB a kwamfutar da ke ɗauke da Windows da Linux

Duk kwamfutar da aka haɗa wa Windows da Linux, akwai 'yar manhajar da ke fara tashi ta nuna maka jerin da za ka zaɓa. Ta Linux ita ce GRUB, ta Windows kuma Windows Boot Manager. Idan ta samu tangarɗa, ko dai allo ya tsaya baƙi ƙirin, ko kwamfuta ta zarce zuwa Windows kai tsaye, amma galibi fayilolinka suna nan daram. Don haka kada ka yarda a goge faifan a sake zuba komai kafin a bi waɗannan matakan.

Fara da maɓallin zaɓen tashi. Da zarar ka kunna, ka riƙa latsa F9 idan HP ce, F12 idan Dell ce ko Lenovo. In ka ga "ubuntu", wato nau'in Linux ɗin da za mu yi misali da shi, a jerin kuma ya buɗe, GRUB lafiyarsa ƙalau, gurbinsa kawai aka ƙwace. Shiga BIOS, wato shafin saitin tashin kwamfutar, da F10 a HP, F2 a Dell, ka mayar da shi sama. Daga cikin Linux ma ana yi: `sudo efibootmgr` zai nuna lambobin, sai ka jera su da `sudo efibootmgr -o 0003,0000`, ka sa lambar Ubuntu a farko.

Idan ka gyara yau gobe ya koma gidan jiya, duba agogon BIOS, in ya sauka daga daidai to alamar batirin da ke riƙe saitinsa ya mutu ke nan. Da yawa daga laftof ɗin da ake saye a titin Beirut da Farm Centre a Kano na hannu ne, wannan ƙaramin batirin nasu da ake kira CMOS ya daɗe da tsufa. A mafi yawansu CR2032 ne mai ƙarfin volt 3, wani tsirara, wani a naɗe da 'yar waya. In ya mutu, babban batirin ma ya ƙare aka ɗauke wuta, saitin BIOS na iya komawa na asali: Secure Boot, mai hana tashin manhajar da bai amince da ita ba, ya kunnu, ko yanayin faifai ya tashi daga AHCI zuwa RAID. Canza batirin ka mayar da saitin yadda yake, in ba haka ba aikin baban giwa za ka yi ta yi.

Wani lokacin GRUB yana fitowa amma babu Windows a jerinsa. Tun daga GRUB 2.06 da ya fito a 2021, an kashe os-prober, wato mai laluben sauran manhajojin da ke faifan, sai an kunna shi da hannu. Buɗe /etc/default/grub ka ƙara layin `GRUB_DISABLE_OS_PROBER=false`, sannan ka buga `sudo update-grub`. In har yanzu shiru, to duba ko su biyun tsarin tashi ɗaya aka sa su, UEFI na zamani ko Legacy na da. A Windows, msinfo32 zai gaya maka UEFI ne ko Legacy. A Linux, in akwai /sys/firmware/efi, UEFI ne. GRUB na UEFI ba ya tayar da Windows na Legacy, haka ma akasin haka, kuma babu umarnin da zai daidaita su sai an mayar da ɗaya tsarin ɗan'uwansa. Ka kuma kashe Fast Startup, wato saitin saurin tashi na Windows, da `powercfg /h off` daga cikin Windows, domin yana barin ɓangaren Windows a kulle.

Matsalar da ta fi tayar da hankali ita ce `grub rescue>`. Takan faru ne bayan an goge wani ɓangaren faifai ko an matsar da shi, sai GRUB ya nemi fayilolinsa ya rasa. Buga `ls`, za ka ga (hd0,gpt1), (hd0,gpt2) da sauransu. Gwada kowanne da `ls (hd0,gpt5)/boot/grub` har ka dace da wanda ya nuna fayiloli, sannan:

set root=(hd0,gpt5)
set prefix=(hd0,gpt5)/boot/grub
insmod normal
normal

Wannan shiga ɗaya kawai zai ba ka. Kana shiga ka buga `sudo grub-install /dev/sda` da `sudo update-grub`. Lura, faifan gaba ɗaya ake rubutawa, ba sda5 ba, kuma a SSD na NVMe sunan shi ne /dev/nvme0n1.

In ya ƙi, sai filashi mai Ubuntu, 8GB ya wadatar. Tayar da shi ta layin da ke ɗauke da UEFI, ka zaɓi gwaji, ba girkawa ba. `lsblk -f` zai nuna maka ɓangarori biyu da kake nema: na Linux mai ext4, da ƙaramin nan mai FAT32 da ake kira ESP, wanda Windows kan yanka masa 100MB. Mu ɗauka sda5 da sda1 ne:

sudo mount /dev/sda5 /mnt
sudo mount /dev/sda1 /mnt/boot/efi
for i in /dev /proc /sys /run; do sudo mount --rbind $i /mnt$i; done
sudo chroot /mnt
grub-install /dev/sda
update-grub

Kada ka taɓa goge ESP, fayilolin tashin Windows ma a ciki suke. Kuma ka tabbata da cikakken caji ko janareta kafin ka fara, don yankewar wuta ana tsaka da rubutu tana ƙara dagula lamarin.

Idan Windows ne ya ɓace kwata-kwata, tayar da filashin Windows ka buɗe Command Prompt ta wajen gyara. A diskpart, buga `list vol`, ka zaɓi mai FAT32 da `select vol` da lambarsa, sai `assign letter=S`, sai `exit`. Daga nan `bcdboot C:\Windows /s S: /f UEFI`. Tabbatar da harafin tukuna da `dir C:\`, domin a nan Windows kan koma D. Bayan wannan zai sake hayewa saman jerin, sai ka mayar da Ubuntu gaba a BIOS.

Saƙon "Verifying shim SBAT data failed" kuwa ya yawaita ne bayan sabuntawar Windows ta Agustan 2024. Kashe Secure Boot, shiga Linux ka sabunta shi, sannan ka sake kunnawa. Amma kafin ka taɓa Secure Boot, in BitLocker, mai kulle faifan Windows, yana aiki, nemo makullinsa mai lambobi 48 daga asusunka na Microsoft ka rubuta a takarda, domin Windows zai iya tsare ka a ƙofa ya ce sai da shi.