Yadda na gyara kwankwasar bayan BMW ɗina

Wallahi motar nan ta ba ni wuya, BMW E36 ce 328i ta 1996, injin silinda 6 lita 2.8, da arha na same ta kuma in ta hau gudoron Mirriah ba ta wasa, amma da na shiga ramukan unguwar Birni a Damagaram sai ƙwas ƙwas daga baya, ga sitiyari na rawa in na taka birki.

Makanikin farko ya ce amortisa ne, muka canja, ƙarar na nan. Sai wani tsohon maigida a Zongo ya ce yaro buɗe but ka cire kafet. Ashe robar da ke riƙe kan amortisa ce ta tsage, da yatsa ma kana motsa ta, ciwon E36 ne sananne. Muka sa sabuwa da farantin ƙarfe a kai don kar bodi ya yage, muka canja silanbulok, wato robar hannun ƙarfen da ke riƙe tayar gaba, shi ke kawo rawar birkin nan. Daga baya na sa amortisa ƙirar Bilstein B6 daga Kano, aka daidaita tayoyi.

Sipirin kam na bar na kamfani, ban rage tsayi ba, don in na rage, da yashin Damagaram gindin mota zai ci ƙasa. Yanzu tsit take.