Yadda Mai Hidima Zai Huta Ba Tare da Ya Yi Watsi da Mabukata Ba

Kirista da yawa masu himma a ikkilisiya suna jin nauyin cewa sun gaji, domin a ganinsu gajiya alama ce ta raunin bangaskiya. Littafi Mai Tsarki bai koyar da haka ba. A Markus 6:31, bayan almajirai sun dawo daga wa'azi, jama'a suna ta kai da kawowa har ba su sami sukunin cin abinci ba, sai Yesu da kansa ya ce su keɓe su ɗan huta. Saboda haka abin farko shi ne ka daina ɗaukar hutu a matsayin ladan da za ka karɓa bayan aiki ya ƙare, domin bukatun mutane ba sa ƙarewa.

Ka tsai da lokacin hutunka tun kafin mako ya fara, kuma ka sanar da iyalinka da abokan hidimarka. Idan Lahadi ce ranar da aiki ya fi yi maka yawa, kamar yadda take ga fasto ko mai koyar da yara ko mawaƙi, to, ka zaɓi wata rana dabam, gama zuwa sujada sau biyu da zaman kwamiti ba hutu ba ne, ko da yake duk aikin Ubangiji ne.

A wannan lokaci ka fara da jiki. Lokacin da Iliya ya gudu zuwa jeji yana roƙon mutuwa, a 1 Sarakuna 19, mala'ika bai yi masa wa'azi ba. Ya tashe shi ya ci ya sha, ya bar shi ya koma barci, ya sake ciyar da shi, kuma sai da ya isa Dutsen Horeb ne Allah ya yi magana da shi. A ganina wannan jeri yana da muhimmanci ƙwarai, domin sau da yawa mutum yakan zaci zuciyarsa ce ta yi sanyi ga Allah, alhali barci ne ya yi masa ƙaranci. Bayan jiki ya samu nasa, sai ka shiga addu'a da karatun Kalma waɗanda ba na shirin koyarwa ba, wato karatun da kake yi domin ranka kawai.

Sa'an nan ka raba kaya. Yetro, surukin Musa, ya ga Musa yana shari'a daga safe har yamma, ya gaya masa a fili cewa shi da jama'ar duk za su gaji, ya kuma ba shi shawarar naɗa shugabanni a kan dubu, ɗari, hamsin da goma. Manzanni ma sun keɓe mutum 7 domin rabon abinci ga matan da mazansu suka mutu. Ka rubuta dukan hidimomin da ke wuyanka, ka ware wanda ba mai iya yi sai kai, sauran kuwa ka koya wa wani, ko da zai yi tuntuɓe da farko.

Abu mafi wuya shi ne sanin lokacin da ya kamata a katse hutu. A wannan labari na Markus, taron ya riga su isa wurin da suka nufa, Yesu kuwa ya ji tausayinsu, ya koyar da su, ya ciyar da su, amma daga baya ya sallame su ya hau dutse domin addu'a. Don haka idan kira ya zo, ka tambayi kanka ko rai ne ke cikin haɗari, ko rasuwa ce aka yi, ko kuwa al'amari ne da zai iya jira zuwa gobe. Idan na gaggawa ne, ka tafi da zuciya ɗaya, sa'an nan ka rama hutun a cikin makon. Idan ba haka ba ne, ka amsa da ladabi, ka faɗi ranar da za ka zo, ka kuma cika alkawarin.

Ka duba kuma ko hutunka ya zama ƙarin wahala ga wani. Dokar Asabar a Kubawar Shari'a 5:14 ta haɗa da 'ya'ya da barori da baƙo, har da dabbobi, saboda haka ku tsara da mutanen gidanka yadda kowa zai sami nasa rabon.